Akwatin Sanda da Gashin Bakin Usta Ragab

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan gahawar Mu'allim Higazi, a lungunmu na unguwar Shubra, ya san abu biyu game da Usta Ragab mai walda: gashin bakinsa da bakinsa. Gashin bakin shekara ashirin da shida aska ba ta hau shi ba. Kullum da safe sai ya shafa masa man zaitun, ya murɗe gefe biyun har su kalli sama, sannan ya sauko daga bene. Bakin kuwa ba ya buƙatar mai.

Labarinsa ɗaya ne, amma kullum ƙara ƙiba yake. Wai lokacin da yana saurayi akwai wani shagon gem a bayan tashar jirgi, mai manyan akwatunan nan da suka fi firji tsawo, waɗanda ake jefa wa kwandala. Mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowa da sandarsa da maɓallansa, 'yan damben da ke cikin allo suna kirɓar juna. A cewar Usta Ragab, kwandala ɗaya yake jefawa bayan la'asar, ba mai sauke shi sai ladanin magariba. Lokacin da muka fara jin labarin, mutum goma sha biyu ya kayar a jere. Bara sun kai saba'in, har da wani mutumin Koriya da ya zo takanas.

Shagon da ke kallon wurin waldarsa na Subhi wanzami ne. Sa'anni ne, tare suka taso, tare aka kore su daga makaranta ɗaya. Subhi siriri ne, ba ya ɗaga murya. Ya ajiye na'urar gem a shagonsa, idan babu kan da zai aske sai ya zauna yana buga wasan faɗa da 'yar na'urar hannun nan da ake matsawa da manyan yatsu. Wannan abu yana ƙona wa Usta Ragab rai, ya sa mata suna sabulu.

Wata Asabar, gidan gahawa cike, Usta Ragab ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Subhi, wai har yanzu kana murza sabulun nan kana ce wa mutane faɗa kake yi?"

"Sabulun yana wanki, Usta."

"Namiji da sanda yake faɗa. A tsaye. Ni a zamanina idan na kama sanda, mai shagon da kansa yake fitowa ya roƙe ni in sassauta wa injin."

Subhi ya hura shayinsa ya ce, "Ai ina tuna shagon. Ni dai na fi tuna ka a bayan layi kana ba masu wasa shawara."

Aka kwashe da dariya, har masu buga domino suka ɗago. Usta Ragab ya miƙe, kujerarsa ta faɗi, bai waiwaye ta ba. Ya sa yatsu biyu ya kama gefen gashin bakinsa na dama.

"Juma'a, bayan la'asar, a nan. Kai da sabulunka, ni da sanda. Wanda ya fara cin zagaye biyu ya ci. Idan ka ci ni, ga shi nan, ka aske shi da hannunka a gaban jama'a."

Dariya ta tsaya. A wurinmu, idan namiji ya kama gashin bakinsa ya yi magana, zancen ya fita daga wasa. Mu'allim Higazi ya ce, "Usta, ka zauna, shayinka zai huce." Amma an riga an ji.

Subhi ya dubi gashin bakin kamar yadda mahauci ke duban rago, ya ce, "Shekara ashirin da shida yana wucewa ta ƙofata ba ya sallama. Allah ya kai mu Juma'ar."

Sai da Usta Ragab ya hau bene hawa huɗu zuwa gidansa sannan ya tuna cewa ba shi da sanda, kuma shagon bayan tasha tuni ya koma na sayar da wayoyi. 'Yarsa Nada, mai aiki a kantin magani, ita ce ke da na'urar gem a falo. Ta saurare shi har ya gama, ta dubi uwarta, uwar ta dubi rufi. Ranar Litinin da rana ta shigo masa da kwali.

Ya buɗe. Wani ɗan akwati ne, bai fi farantin shayi ba, da maɓallai takwas da 'yar gajeriyar sanda mai jan kai, zagaye kamar tumatir. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya leƙa cikin kwalin.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Baba?"

"Sauran jikin. Ina ƙafafun, ina inda mutum zai jingina ciki?"

"Shi ke nan gaba ɗaya. Yanzu abu biyu za ka zaɓa: inda za ka ɗora shi, da yadda za ka riƙe sandar. Wasu a cinya suke ɗorawa, wasu a tebur. Riƙo kuma, akwai masu zura sandar tsakanin yatsu su tallafo kanta daga ƙasa kamar za su miƙa wa baƙo finjali. Akwai masu kamawa da kan yatsu uku daga sama. Akwai masu riƙe ta ta gefe. Ka gwada ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ka ga wanda hannunka ya so."

"Duk wannan riƙon masu jinya ne. Ni damƙa nake yi."

Ya zauna a kujera, ya ɗora akwatin a cinya bisa jallabiyarsa mai santsi, ya damƙe tumatirin da tafin hannu duka. Nada ta kunna wasan. Abin da hannun Usta Ragab ya sani shi ne sandar da ke manne da akwati mai nauyin saniya, wadda za ka fizga da kafaɗa ba ta motsa ba. Ya fizga. Akwatin ya bar cinyarsa, ya ratsa falo a ƙasa-ƙasa, ya shige ƙarƙashin kabad yana jan wayarsa.

"Jallabiyar ce," in ji shi.

Ya je ya sako wandon aiki. Wannan karon akwatin bai tashi ba, sai ya riƙa zamewa tsakanin gwiwoyinsa, shi kuma yana binsa yana duƙawa, har suka haɗu a kan darduma shi da akwatin. Mutuminsa na cikin allo yana can kwance ana tattaka shi.

"Cinya wurin zaman jariri ce. A kawo tebur."

Teburin cin abinci ne kaɗai a gidan, kuma matarsa Awaɗif ta riga ta jera abincin rana a kai. Ya ture gurasa gefe, ya dasa akwatin a kan ledar tebur. Fizga ta farko ledar ta tattare. Ta biyu ta tafi da kwanon miyar lalo, ya kife a cinyarsa da zafinsa. Ya tashi yana rawa da ƙafa ɗaya, lalo yana yauƙi daga gwiwarsa har ƙasa.

Awaɗif ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar kullum, ta ce, "Abu Nada, wa ya ci?"

"Ki zo ki danne min shi da hannu biyu."

Ta zo ta danne, don dai a zauna lafiya. Aka fara. Ya ja dama, ta bi dama. Ya ja hagu, ta bi hagu. Da ya zo yin babban bugun da yake ta ba mu labari, wanda ake zagaya sandar daga ƙasa zuwa gaba, gwiwar hannunsa ta sami haɓarta. Ta saki akwatin ta koma kicin.

Da safe ta fito ta tarar da shi ya ɗora injin huda a kan teburin yana auna inda zai sa kusoshi. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora hannu daidai wurin.

"Teburin nan yana cikin takardar kayan aurena, da sa hannunka a ƙasa. Huda ta hannuna tukuna."

A kan matakala, yana sauka da akwatin a hammata, dabara ta zo masa. Ya tsaya a hawa na biyu ya yi dariya shi kaɗai. Laifin ba na hannunsa ba ne, na akwatin ne da aka yi shi ba jiki. To shi mai walda ne. Zai yi masa jiki.

Kwana uku lungu bai huta da ƙarar guduma ba. Ya yanko ƙarfen gini ya yi ƙafafu huɗu masu kai wa mutum cibiya. Ya samo tsohuwar tayar babbar mota ya cika ta da siminti, ya dasa ƙafafun a ciki. A sama ya yi wa akwatin gida na ƙarfe, ya ɗaure shi ta kowane gefe. Masu wucewa suna tsayawa.

Mai sayar da wake ya ce, "Usta, murhu ne?"

Wata tsohuwa ta leƙo daga baranda tana jan kwandon cefanenta ta ce, "Idan keken ɗinki ne, ina da yadi."

Mu'allim Higazi ya zagaya abin sau biyu ya ce, "Ni dai idan igwa ce, kada a ce a gidana za a harba ta."

Saura tumatirin. Usta Ragab ya kasa jure ganinsa. Ya buɗe cikin akwatin, ya kwance noti huɗu, ya ciro sandar da gindinta, ya ɗora mata ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, ya kafa mata kan giyar wata tsohuwar bas. Sannan ya mayar da gindin ya ɗaure notin huɗu tamau. Su notin ba ruwansu, ko ta ina ka juya gindin za su shiga.

Ranar Alhamis Nada ta biyo ta wurin bayan ta tashi daga aiki. Ta daɗe tana kallon abin.

"Baba, ka gwada shi?"

"Wa zai hau da shi bene hawa huɗu?"

"To bari in sauko da na'urar. Minti biyar."

"In gwada a nan, a kan idon Subhi, ya ga salon faɗana kyauta?" Ya nuna shagon da ke tsallake, inda wanzami ke wasa aska a jikin fata yana murmushi. "Aikina ba ya son gwaji. Ƙofar masallacin can da na yi, wa ya gwada ta?"

"Ai ita ba ta rufuwa, Baba."

"Gini ne ya karkace."

Juma'a bayan la'asar aka ɗauko abin a amalanken jaki. Ƙarti huɗu suka sauke shi suna kiran sunan Allah. A ƙofar gidan gahawa taya ta ƙi shiga. Aka karkata ta, aka juya ta, ta ƙi. Usta Ragab ya ce a cire ƙofar. Mu'allim Higazi ya ce sai dai a cire shi tukuna. Daga ƙarshe aka fito da talabijin titi, aka ɗora a kan tebura biyu, aka jawo waya ta taga. Abin da za a yi a gaban mutum ashirin ya koma a gaban lungu duka. Barandoji suka cika da mata, masu shaguna suka fito da kujerunsu, wani direba ya kashe motarsa a tsakiyar hanya ya hau kan rufinta. Usta Ragab ya ga taron, ya murɗe gashin bakinsa, zuciyarsa ta yi fari ƙal.

Subhi ya zauna a kujerar roba da sabulunsa, ya ajiye wata 'yar jaka a ƙarƙashin kujerar. Kowa ya san abin da ke cikin jakar.

Al'adar masu wannan wasa ce, kafin a fara na gaske, a ba kowa minti ɗaya ya motsa sandarsa ya danna maɓallansa ya tabbatar komai na kan hanya. Subhi ya ce, "Usta, a gwada maɓallai."

"A zamaninmu kwandala kake jefawa ka shiga. Tsoro kake ji ne?"

"Ni na faɗa dai. Mu'allim, ka shaida."

"Na shaida."

Aka fara. Usta Ragab ya ware ƙafafu, ya damƙi kan giyar, ya tura gaba da ƙarfinsa duka. Abin bai motsa daga ƙasa ba ko kaɗan, a nan dai waldarsa ta yi kyau. Mutuminsa na cikin allo, wani ƙato mai ɗaurin kai, ya juya baya-baya da sauri ya je ya manne a bangon ƙarshe.

Mai wake ya ce, "Usta, naka ne mai gudun?"

"Jawo shi nake yi. Tarko ne."

Ya danna ƙasa don ya duƙa, ƙaton ya daka tsalle. Ya ja sama, ƙaton ya tsuguna. Ya ja baya don ya kare kansa, ƙaton ya tako gaba da fuska a buɗe ya karɓi naushi uku a jere. Subhi bai ma gyara zama ba.

Tsohuwar baranda ta ce, "Wannan ai rawar biki yake yi."

"Salon mutanen Koriya ne, Hajiya, ba za ki gane ba."

Salon bai kai minti ɗaya ba. Ƙaton ya faɗi, Mu'allim Higazi ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

Nada ta ratso taro ta zo kusa da kunnensa. "Baba, ka mayar da gindin sandar a juye. Gaba ya koma baya, sama ya koma ƙasa. Ka nemi minti goma a kwance."

Usta Ragab ya dubi kan giyar da ke hannunsa. Ya san gaskiya ta faɗa. Subhi ma ya ji, ya ce, "Ɗauki minti ashirin, Usta. Askata ba ta sauri."

Da ya karɓa, da wataƙila yau wani labarin nake bayarwa. Amma karɓa na nufin ya ce a gaban lungu duka cewa ya ɗaura abu a juye, shi da yake gyara wa injiniyoyi zane. Ya ɗaga murya ya ce, "Da gangan na yi. Zagayen farko kyauta ce ga abokin ƙuruciya. Yanzu ku ga yadda nake cin mutane a bayan tasha."

Ya zagaya ta ɗaya gefen abin, ya tsaya ya ba talabijin baya, ya fuskanci jama'a. Lissafinsa bai ɓaci ba: daga can gefen, gaba ya dawo gaba. Sai dai maɓallai sun koma hannun hagu, sanda ta koma dama, dole ya gicciye hannuwansa ɗaya bisa ɗaya. Kuma ba ya ganin allo.

"Nada, ina yake?"

"Yana gabanka. Kare kanka."

Taro ya karɓe aikin. Masu baranda suna cewa ya yi tsalle, masu kujeru suna cewa ya duƙa, direban kan mota yana cewa ya kira 'yan sanda. Usta Ragab yana murɗa wuya yana leƙen allo ta kan kafaɗa, hannuwa a harɗe, yana dukan maɓallai kamar mai kashe kiyashi. Abin mamaki, wani shuri ya fita ya sami mutumin Subhi a kai. Lungu ya ɗauki ihu. Wannan ihun ne ya ƙarasa shi, domin a take ya yanke shawarar yin babban bugun nan. Ya ja numfashi, ya zagayo sandar daga ƙasa, ya fizga da kafaɗa da baya da duk shekarun da ya yi yana ba da labari.

Waldar ta riƙe. Siririn ƙarfen asali da ke ƙarƙashinta ne bai riƙe ba. Usta Ragab ya tafi da baya taku uku, ya zauna daɓas a cikin bokitin wanke kofuna, kan giyar bas a hannunsa.

A allo, ƙaton ya tsaya cak, hannuwa a sake. Subhi ya tako da mutuminsa a hankali, ya ba shi ɗan naushi, ya jira, ya ƙara masa wani. Bai yi gaggawa ba. Da ƙaton ya kife, Mu'allim Higazi ya ɗaga yatsa biyu.

Aka zaunar da Usta Ragab a kujerar roba a tsakiyar titi, wandonsa yana ɗiga. Subhi ya buɗe jaka, ya yafa masa farin tawul, ya kaɗa kumfa. Dariyar jama'a ta ragu, don gaskiya mu ma mun saba da gashin bakin nan, kuma ba wanda ya so ganin abokin shayinsa a haka. Subhi ya buɗe aska, ya tsaya, ya mayar da ita ya rufe.

"Ragab," ya ce, ba Usta, kamar lokacin suna yara. "Ba sai an yi ba. Ka ce kawai, Subhi ya fi ni. A gaban mutanen nan, sau ɗaya. Ka tashi da kayanka."

Usta Ragab ya sa hannu ya shafa gefen dama, ya shafa na hagu. Yana son gashin bakin nan fiye da yadda yake son abinci, kuma idonsa ya kawo ruwa, duk mun gani. Ya buɗe baki.

"Subhi ya..."

Lungu ya yi tsit. Jakin amalanke ma ya daina kaɗa kunne.

"Subhi ya... yi sa'ar ƙarfen waje. Da na gida ne da yanzu yana kuka. Aske."

Subhi ya girgiza kai, ya shafa kumfa. Ja huɗu aka yi. Usta Ragab ya ji iska ta taɓa wani wuri a fuskarsa da ba ta taɓa ba tun yana ɗan ashirin, sai ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ya kai hannu zai murɗa, yatsunsa suka kama iska. Wanzami ya miƙo madubi, ya ƙi karɓa.

Daga hawa na huɗu Awaɗif ta jingina da baranda, ta daɗe tana kallon fuskar da ta aura ba ta taɓa gani duka ba. Sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma har bakin titi an ji.

"Abu Nada, ashe ɗan mitsitsin baki gare ka. To duk maganar nan ta ina take fitowa?"